Robar nono: me ke sa ta taurare, kuma yaya ake rage haɗarin?

Duk baƙon abin da aka sa a jikin mutum, garkuwar jiki takan kewaye shi da wani tantani. Haka yake ga robar silikon da ake sa wa mata a nono, ko don kwalliya ko bayan an cire nono saboda sankara. Tantanin kansa ba cuta ba ne. Matsala takan taso ne idan ya yi kauri ya matse robar, nonon ya yi tauri, ya karkace, har ya riƙa ciwo. Likitocin Faransa suna kiran wannan coque, kuma ana auna tsananinsa da ma'aunin Baker, daga mataki na 1 zuwa na 4.

Babban abin zargi shi ne ƙwayoyin cutar fata, musamman Staphylococcus epidermidis, da ke mannewa jikin robar lokacin tiyata, su yi ta tsokanar garkuwar jiki a ɓoye. Shi ya sa ƙwararrun likitoci ke wanke gurbin da maganin kashe ƙwayoyi, su sauya safar hannu kafin su ɗauki robar, su tsayar da jini sosai. Yanka ta ƙarƙashin nono ya fi yanka ta gefen kan nono rage haɗarin, haka ma ajiye robar a bayan tsokar ƙirji. Macen da aka yi wa gashin sankara kuwa haɗarinta ya fi yawa.

An daɗe ana amfani da roba mai kaushin baya da fatan rage wannan taurin, sai aka gano tana da alaƙa da wata sankarar garkuwar jiki da ba a cika samu ba, BIA-ALCL. A watan Afrilun 2019 hukumar magunguna ta Faransa, ANSM, ta haramta masu kaushi sosai, a watan Yuli kuma kamfanin Allergan ya janye nau'insa na Biocell daga kasuwannin duniya. Hukumomin ba su ce mai lafiya ta je a cire mata ba.

A ganina, wadda ta fi shiga haɗari ita ce wadda ta yi aikin a Tunisiya ko Turkiyya ta dawo Yamai, Garwa ko Njamena ba likita mai bibiya. Kada ki baro asibiti ba tare da katin robar ba, mai ɗauke da sunan kamfani da lambarta. In nono ɗaya ya kumbura kwatsam, ko da bayan shekara 8 ne, ki nemi a yi miki hoton ekografi, a zuƙi ruwan a auna.