Dorinar da ta hana Yawuri su

A ƙarshen daminar 2024, wani dattijo masunci da ke aikin gadi a gonar Sarkin Yawuri ya fita su a Kogin Kwara, dorina ta far masa ta kashe shi. Kafin a ce kwabo labari ya game gari. Masunta suka rataye komarsu, masu shinkafa a fadama suka daina leƙa gonakin bakin ruwa, domin dorina da dare take fitowa kiwo, kuma ba ta san shinkafar wani ba.

Wanda bai san ruwa ba yakan ɗauka kada ne babban abin tsoro. Masunci kuwa ya fi shakkar dorina. Ciyawa take ci, amma namijinta yakan kai kilo 1,500, haurenta ya kusa rabin mita, ta kuma iya nutsewa minti biyar ta ɓullo ƙarƙashin jirgi. Haka aka yi a Nuwamban 2014 kusa da Yamai, inda wata ta kifar da kwale-kwale, mutum 13 suka rasu, 12 daga ciki yara 'yan makaranta. Ta Yawuri kuma tana tare da ɗanta, mai jego kuwa ba a gitta mata.

Gwamnatin Jihar Kebbi ta ba da izini a kashe ta. Abin mamaki, a zamanin da kowane ɗan sintiri ke saɓe da bindiga, da makamin kaka da kakanni aka ci ƙarfinta: zago, mashin nan da Sarkawa suka daɗe suna farautar dorina da shi. Akwai dalili. Fatar dorina tana da kaurin gaske, abin da take nunawa a saman ruwa bai wuce ido da kunne da hanci ba, harsashin da ya kuskure makasa kuma sai dai ya ƙara tunzura ta. Ga shi mai harbi tsaye yake cikin jirgi yana tangaɗi. Zago kuwa idan ya shige ba ya fita, igiyarsa da abin da ke yawo a bakinta su ke tona inda dabbar ta nutse, a bi ta a ƙara mata wani, har ta galabaita.

Makonni aka kwashe ana bin sawunta. A watan Oktoba masunta da manoma suka kashe ta, ita da ɗan, aka feɗe aka raba nama, gari ya ɗauki murna.

Masu kare namun daji ba su taya murnar ba. Sun ce kama ta ya kamata a yi a sauya mata wuri, domin a ƙiyasin lokacin, dorinar da ta rage a Najeriya duka ba ta fi kimanin 100 ba. A ganina, kan ɗan da bai taɓa kowa ba suna da gaskiya. Amma zaman jiran a zo a ɗauke uwar, wannan sai wanda abincin gidansa ba ya cikin kogi.