Abin da Ba Ya Ƙirguwa, daga Kasuwar Daji zuwa Ilmin Hisabi

Duk wanda ya shiga Kasuwar Daji, ta ƙasar Ƙauran Namoda, a lokacin kaka, zai ji ciniki iri biyu. A kara, wurin awaki, tambaya ita ce guda nawa. A wurin ma'auna kuwa sai tiya nawa, buhu nawa. Harshenmu ma ya san wannan bambanci: ana cewa awaki uku, amma ba a cewa gero uku, sai an aro masa dami ko mudu ko ƙwaya.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan a baki kawai ba, sun gina hukunci a kansa. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid na Ƙairawan an halatta sayar da kayan awo a tsibi, bisa kintace, shi ne ake kira juzafi. Amma abin da za a iya ƙirgawa ba da wahala ba, kamar riguna, ba a yarda a sayar da shi haka ba. Malikawa kuma sun sharɗanta mai saye da mai sayarwa su ga tsibin, su kasance dukansu ba su san yawansa ba. To, falken da ya auna dawarsa a Shinkafi ko Zurmi, ya zo ya zube ta yana cewa a kintata, ya ci haƙƙin ɗan'uwansa, ko da an rabu ana murmushi. Zakkar hatsi ma da awo take: wusuƙi 5, wato sa'i 300, mudun Annabi 1,200.

Sai dai gero yana da iyaka. Haƙurinmu ne ya gaza, ba ƙidaya ba. Masu hisabi suna da wani abu dabam. Adadi ba shi da ƙarshe, amma yana jeruwa kamar tasbaha, ɗaya, biyu, uku, kowanne da bi da binsa. A shekarar 1874 wani malami a Jamus, Georg Cantor, ya kafa hujja cewa gurabun da ke kan layi ɗaya ba su jeruwa haka. Kowane jeri ka kawo, ko marar ƙarshe ne, akwai hanyar fitar da gurbin da ba ya ciki. Wannan hukunci kuwa bai dubi tsawo ba: igiyar awon gona da zaren da bai kai taƙi ba duk ɗaya ne a wurinsa.