Yadda ɗalibi zai fara neman shaidar ƙwarewa a harkar kuɗi tun yana jami'a

Digiri a fannin akanta kaɗai ba ya ba mutum ikon sa hannu a kan rahoton binciken asusun kamfani a Najeriya. Wannan hurumi ne na wanda ya zama mamba a ƙungiyar ƙwararru kuma ya samu lasisinta, wato ICAN da doka ta kafa a 1965, ko ANAN da ta samu amincewar doka a 1993. Shi ya sa ɗalibai da dama ke fara jarrabawar ƙwararru tun kafin su bar jami'a.

ANAN tana karɓar masu digiri ko babbar difloma ne, sannan ta horar da su a kwalejinta da ke Kwall, kusa da Jos. Ƙofar da ke buɗe ga ɗalibi ita ce jarrabawar ATSWA, wadda ICAN ke gudanarwa tare da takwarorinta na Afirka ta Yamma. Sharaɗin shiga shi ne kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi. Matakai uku gare ta, kowanne da darussa huɗu, kuma ana zana ta a watannin Maris da Satumba. Wanda ya kammala za a ɗauke masa matakin farko na babbar jarrabawar ICAN.

Mai sha'awar harkar zuba jari da kasuwar hannun jari kuwa yakan nufi CFA ta Amurka. Ana barin ɗalibi ya yi rajistar matakin farko idan abin da ya rage masa a jami'a bai wuce watanni 23 ba, kuma kowanne daga cikin matakai ukun yakan ci kimanin sa'o'i 300 na karatu. Da dala ake biyan kuɗinta, nauyin da ya ƙaru tun bayan faɗuwar darajar naira a 2023.

Sai dai cin jarrabawa daban, samun shaidar daban. CFA na buƙatar sa'o'i 4,000 na aiki cikin aƙalla watanni 36, ICAN ma tana neman shaidar horo a wurin aiki. Abin da ɗalibi ke ragewa shi ne shekarun karatu, amma gogewa sai an kama aiki.

A nan ne ya kamata iyayen da ke biyan kuɗin su yi lissafi da kyau. Bankuna da manyan kamfanonin binciken asusu kan duba darajar digiri kafin su kira mutum ganawa. Jarrabawar ƙwararru ana sake ta idan an faɗi, amma darajar digiri ba ta sauyawa bayan an kammala. Don haka mafi alheri ɗalibi ya jira sakamakon shekararsa ta farko. Idan makinsa ya yi ƙarfi, ya ɗauki mataki ɗaya a lokaci guda, ya kuma kauce wa zangon da ya zo daidai da jarrabawar makaranta.