Yadda ake samun tikitin jirgi mai rahusa daga Kano zuwa ƙananan birane

Ɗan kasuwar Kurmi da tafiya ta kama shi zuwa Birnin Kebbi ko Yola yakan tarar da kuɗin jirgi ya zarce na zuwa Legas. Dalili kuwa shi ne, yawancin jiragen da ke tashi daga filin Malam Aminu Kano Abuja da Legas suke nufa, don haka sai ya yada zango a Abuja, ya biya kuɗin tafiya biyu. Ga ƙarancin fasinja, ga ƙarancin kamfanonin da za su yi gasa a hanyar.

Duk da haka akwai dabara. Kamfanoni kan kasa kujeru rukuni-rukuni, masu arha su ne ke fara ƙarewa, shi ya sa wanda ya saya makonni kafin tafiya ke cin riba. Farashi kan hau a jajibirin Sallah da ƙarshen Disamba, haka ma ranakun Juma'a da Lahadi. Yana da kyau a kwatanta farashin shafin kamfanin da na dillali, a kuma duba kilo nawa aka yarje wa fasinja, domin kuɗin ƙarin kaya kan cinye rangwamen.

Wanda ya sayi tikiti biyu daga kamfanoni daban-daban ya bar tazarar sa'o'i a Abuja. Idan jirgin farko ya makara, na biyu ba ya jira, asarar kuma ta fasinja ce.

Katsina kuwa, mai nisan kimanin kilomita 170 daga Kano, mota ta fi jirgi sauƙi da arha.