Hazo da hayaƙi: abin da suke yi wa huhun bisashe da na makiyayi

Daga watan Nuwamba zuwa Maris, iskar hunturu kan kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ta lulluɓe Damagaram, Maraɗi, Tawa, har Yamai. A wannan lokacin ne tari da majina suke yawaita a garke da cikin gida.

Ƙurar da ido ke gani, hanci yana tare mafi yawanta. Wadda ta fi cutarwa ita ce mai laushi ƙwarai, domin tana wucewa har cikin huhu. Tana busar da maƙogwaro, ta raunana ƙananan gasun da ke share datti daga hanyar numfashi. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a hancin dabba ba tare da sun dame ta ba, sai su samu hanyar sauka huhu. Maruƙa, ƴan tumaki da ƴan awaki su suka fi saurin kamuwa. A wajen mutane ma, lokacin hazo ne sanƙarau ya fi yaɗuwa, kuma masu asma suna shan wahala.

Ba mai iya tsayar da iska, amma wani gurɓatan mu ke haddasa shi: hayaƙin gobarar daji, na kashin shanu da ake turarawa a garke, na ledar da ake ƙonawa kusa da turke, da na girki a rufaffiyar bukka inda mata da jarirai suke wuni.

Ranar da hazo ya yi kauri, a ajiye ƙananan dabbobi bayan zana ko shinge, a rage musu tafiya. A yayyafa wa dusa da harawa ruwa kafin a ba su, a zubar da wadda ta yi fumfuna. Wutar jin ɗumi a hura ta inda iska za ta kau da hayaƙin daga garke. Ƙungiyoyin makiyaya su haɗa hannu wajen share hanyoyin tare gobara da zarar ciyawa ta bushe.

Sai dai kada a ɗora wa ƙura kowane tari. Idan dabba tana zazzaɓi, ta ƙi ci, tana numfashi da ƙyar, ko tarin ya fara bin garke, mai yiwuwa ciwon huhu ne mai yaɗuwa. A ware ta nan take, a kira ma'aikacin kiwo, kuma kada allurar rigakafin shekara ta wuce garkenku.