Kyanwar da ta bar rairayi ta koma kan tabarma

A gidajenmu na Kurfi babu mai saya wa kyanwa akwatin ba-haya irin na Turawa. Ita ke zaɓar wurinta, ko rairayin bayan rumbu ko jujin toka, ta tona, ta yi, ta binne. Shi ya sa ranar da aka tarar da fitsarinta a kan tabarma sai rai ya ɓaci. Goggona takan ce, "Magen nan ta raina mu, ku kai ta bakin kasuwa ku yar." Haushin da dalilinsa, tunda a Malikiyya fitsarinta najasa ne, sai an wanke. Amma ruwa ba ya tsami banza. Dabbar da ta yi shekaru tana binne ƙazantarta ba za ta sauya hali dare ɗaya don ta ɓata wa wani rai ba.

Abin da likitan dabbobi zai fara dubawa shi ne mafitsara. Kakannin kyanwa na daji a busassun ƙasashen Afirka da Gabas ta Tsakiya suka rayu, don haka ba ta cika shan ruwa ba, fitsarinta kuma mai kauri ne. To a zo bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi ya haura digiri 40, ita kuwa ba ta da ruwa sai wanda ta lasa a gindin randa. A irin wannan fitsari ne ƙananan tsakuwa ke haɗuwa. Wani lokacin ma babu tsakuwa babu ƙwayar cuta, mafitsarar ce ke kumbura saboda firgici: sabuwar kyanwa ta shigo gida, ko an yi ƙaura, ko hayaniyar biki. Fitsari yana mata zafi, sai ta ɗora laifin a kan wurin da ta saba, ta nemi siminti mai sanyi. Idan ka duba fitsarin za ka ga ɗan kaɗan ne, watakila da jaja-jaja.

Ga muzuru abin ya fi muni, domin hanyar fitsarinsa siririya ce, tana iya toshewa gaba ɗaya. Za ka gan shi yana ta tsugunne-tsugunne, yana yunƙuri, yana kuka, yana lasar gabansa, babu abin da ke fita. Mutanen gida sai su ce bushewar ciki ce, bari a ba shi man gyaɗa. Alhali ƙoda ce ke tsayawa, sinadarin fotasiyam yana taruwa a jini har ya tsayar da zuciya, cikin kwana biyu zuwa uku an rasa shi. Wannan ba ya jiran ranar kasuwa. A kai shi asibitin dabbobi a Dutsin-Ma ko Katsina, a zura masa siririn bututu a buɗe hanyar. Ma'aikatanmu sun fi sabawa da shanu da awaki, don haka ka faɗa musu ƙarara: "Tun jiya bai yi fitsari ba." Idan aiki ya kai ga tiyata, akwai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya.

Kada a haɗa wannan da muzurun da ke tsaye, wutsiya a miƙe tana rawa, ya fesa wa bango. Lafiyarsa ƙalau, iyakarsa yake shatawa, fiɗiya ce ke rage masa.

Tsohuwar kyanwa kuwa, idan fitsarin ya yi yawa, tana ta shan ruwa tana rama, a yi zargin ciwon ƙoda ko na suga. Wata kuma gaɓoɓinta ne ke ciwo, hawan katanga zuwa wurin da ta saba ya gagare ta. Kashi a ɗaki sau da yawa zawo ne, daga tsutsar cikin da take kwasa wurin cin ɓera, ko daga madarar da muke ba ta don ƙauna, alhali cikin babbar kyanwa ba ya narkar da ita sosai. Mai juna biyu kada ta kwashe kashin, saboda ƙwayar toksofilasma da ke iya taɓa jariri.

A ajiye wa kyanwa kwanon ruwa a inuwa, a riƙa sauyawa kullum. Kuma duk yadda take kuka kada a ba ta farasitamol. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta miligiram 500 ta isa ta kumbura mata fuska, ta mai da dasashinta ruwan ƙasa, ta kashe ta.