Gashin Ciwon Daji da Matsalar Horar da Likitocinsa

Wanda ya bi hanyar Kano zuwa Katsina da damina, ya wuce Dawanau da Bichi ya nufi Tsanyawa, da wuya idonsa ya faɗa kan fili da aka bari ya huta. Gona na manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa a wuri guda, ga gawo da kuka da ɗorawa jefi-jefi a tsakani. Tun a 1965 Michael Mortimore, masanin labarin ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bayyana yadda mutanen kewayen Kano suke noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, da ƙarfin taki da yawan ma'aikata. A irin wannan wuri, idan mutum ɗaya ya kwanta ciwo, wani kuma ya bar gona don jinyarsa, to, rumbun gidan ne zai ba da labari da kaka.

Mu ɗauka wata uwar gida ce daga ɗaya daga cikin ƙauyukan nan, aka auna ta a Kano, aka tabbatar tana da ciwon daji na bakin mahaifa, wanda ya wuce a yi masa aiki da wuƙa. Abin da likita zai ce shi ne sai an yi mata gashi. Tambayar da iyalinta za su yi ita ce, a ina injin yake? Wannan maƙala tana kan tambaya ta biyu, wadda ba a cika yi ba: wane ne zai auna mata gashin, kuma da wane irin kayan karatu aka koya masa?

Mene ne gashi?

Sunan da muka ba wannan magani yana ɓatar da mutane, domin babu wuta a cikinsa, babu zafi. Wani haske ne da ido ba ya gani, mai ratsa nama da ƙashi, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Wilhelm Rontgen na ƙasar Jamus ne ya gano irin wannan haske a 1895, sa'an nan a 1898 Marie Curie da mijinta Pierre suka gano sinadarin radiyam a Faransa, wanda ke fitar da makamancinsa da kansa. Ba a daɗe ba likitoci suka fara gwada su a kan ƙari.

Jikin mutum ƙwayoyin halitta ne, kuma a tsakiyar kowace ƙwaya akwai zaren gado, wato DNA, wanda ke ɗauke da umurnin yadda za ta rayu ta hayayyafa. Idan hasken nan ya ratsa ƙwaya yana tsinka zaren, ko dai kai tsaye, ko ta hanyar farfasa ruwan da ke cikinta. Ƙwayar da zarenta ya tsinke bai gyaru ba takan mutu sa'ad da ta zo rabuwa biyu. Matsalar ita ce, hasken bai san lafiyayyar ƙwaya daga ta daji ba. Duk ilmin wannan fanni ya taru ne a kan yadda za a cutar da ɗaya a tsirar da ɗaya.

Rago ne ya nuna hanya. A shekarun 1920 Claudius Regaud, wani masani a Faris, ya yi ƙoƙarin dandaƙe raguna da haske maimakon guduma. Da ya ba su awon gaba ɗaya a zama guda, sai fatar marainan ta salluɓe kafin buƙata ta biya. Da ya rarraba awon kaɗan-kaɗan cikin makonni, sai ragunan suka daina haihuwa, fata kuwa ta tsira. Ƙwayoyin maniyyi suna rabuwa da sauri kamar na daji, su kuma ƙwayoyin fata suna samun damar gyara kansu tsakanin zama da zama. Daga nan aka samo al'adar da ake bi har yau, ta ba majiyyaci kimanin gire 2 a rana (gire shi ne ma'aunin hasken da nama ya sha), kwana biyar a mako. Uwar gidan da muka ambata za ta sha gire 45 zuwa 50 daga waje cikin kimanin zama 25, sa'an nan a ƙara mata gashi na ciki, inda ake sanya tushen hasken dab da ƙarin na ɗan lokaci. Ana so a kammala duka cikin mako takwas. Idan aka zarce, ƙwayoyin dajin da suka saura sukan sake yaɗuwa kamar ciyawa bayan noman farko, kuma kowace rana ta jinkiri tana rage fatan warkewa.

Injuna sun riga masana

A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas aka fara gashi a Nijeriya a 1968, aka kuma kafa injin kobal a can a 1973. Ibadan ta samu nata a 1987. Arewa ta jira har shekarun 1990, lokacin da aka buɗe cibiyar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya da taimakon Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya. Bayanta aka samu na Abuja da Sakkwato. Shekara da shekaru mutumin Kunchi ko Makoɗa ko Shanono ba shi da zaɓi sai ya nufi Shika, tafiyar kimanin kilomita 200, kuma sanannen abu ne cewa injunan ƙasar nan sun sha tsayawa na watanni saboda rashin kayan gyara da injiniyoyi. A Jamhuriyar Nijar sai a 2021 aka buɗe cibiyar gashi ta farko a Yamai. A watan Yulin 2025 gwamnatin tarayya ta buɗe sababbin cibiyoyi uku a Katsina da Benin da Enugu, kuma ga mutumin Tsanyawa, Katsina ba nisa.

Wannan ci gaba ne. Amma ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta nuna cewa fiye da mutum 120,000 ne suka kamu da ciwon daji a Nijeriya a shekarar, kuma masana sun yi ittifaƙi cewa kimanin rabin masu wannan ciwo suna bukatar gashi a wani mataki na jinyarsu. Ƙwararrun likitocin gashi kuwa, a farkon shekarun 2020, ba su kai 100 ba a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200. Inji ana iya sayensa a kafa cikin shekara ɗaya ko biyu. Likita kuwa sai ya yi shekara shida a jami'a, ya yi shekarar koyon aiki da ta bautar ƙasa, kafin ya shiga sahun likitoci masu neman ƙwarewa, inda zai ƙara wajen shekara biyar, ya ci jarrabawa hawa uku a Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da aka kafa a 1979, ko a takwararta ta Afirka ta Yamma. Kuma shi kaɗai bai isa ba, sai da masanin fiziks na asibiti da ma'aikacin inji da ma'aikaciyar jinya.

Kada mai karatu ya ɗauka zancen horo zancen takarda ne kawai. A 1996, a wani asibiti a San Hose ta ƙasar Kosta Rika, an sauya tushen kobal na injin gashi, sai mai awo ya karanta minti 0.3 a matsayin daƙiƙa 30, alhali daƙiƙa 18 ne. Majiyyata fiye da 100 suka sha haske da ya zarce wanda aka rubuta musu da fiye da rabi, wasu suka rasu. Kobal ma da kansa sai da lissafi kullum, domin ƙarfinsa yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 100 kowane wata, ya koma rabi cikin shekara 5.27. Wanda bai gyara lissafinsa ba zai riƙa ba mutane awon da bai isa ba, ba tare da kowa ya lura ba sai ƙarin ya dawo.

Littafin can, majiyyacin nan

Aikin da ya fi ɗaukar hankalin mai neman ƙwarewa a yau shi ne zanen iyaka. Ana ɗaukar hoton cikin majiyyaci falle-falle da na'urar siti, likita ya zauna gaban kwamfuta ya kewaye ƙarin da layi a kowane falle, ya kewaye hanyoyin da ake zaton ya bi, sa'an nan ya kewaye gaɓoɓin da ake tsoron taɓawa, irin su laka da ƙoda da mafitsara da hanji da matsatsar yawu. Tsohon injin kobal yana watsa haske ne a faffaɗan fili, saboda haka kuskuren zane kaɗan bai cika fitowa ba. Sabon inji mai suna linak yana bin layin da aka zana masa sau da ƙafa. Idan layin ya bar gefen ƙari a waje, injin zai tsirar da wannan gefe kamar yadda zai tsirar da lafiyayyen nama. Watau, gwargwadon ƙwarewar inji, gwargwadon nauyin da ya hau kan mai zanen.

To, da me ake koyon zanen? Manyan littattafan fannin da kundayen hotunansa daga Amurka da Turai suke. A can ana gano daji da wuri, saboda haka hotunan ƙananan ƙari ne, kamar ƙwayar gyaɗa ko goro. A nan mafi yawan mata ba sa zuwa asibiti sai ƙari ya cika nono ya fashe, ko ya kama bangon ƙugu, sau da yawa bayan an gama da magungunan gargajiya, saboda imanin da ya yaɗu cewa daji ba ya son ƙarfe ko allura. Ɗalibin da ya haddace hoton goro, ran da aka ajiye masa ƙwarya sai ya rasa inda zai fara layi.

Har ila yau nau'in ciwon kansa ya bambanta. A yankunan da ke da madatsun ruwa da noman rani, irin su Watari a Bagwai da Tomas a Ɗanbatta da Gari a Kunchi, yara suna wanka a ruwan da ake kamuwa da tsargiya. Ƙwan tsutsar tsargiya yana maƙalewa a bangon mafitsara shekara da shekaru, kuma yana iya haifar da wani nau'in dajin mafitsara wanda ba shi ne littattafan Turai suka fi bayani a kai ba. Ga dajin fata a jikin zabiya, wanda rana ke jawowa. Ga majiyyaci mai ƙarancin jini, abin da ke da muhimmanci ƙwarai, domin ƙwayar dajin da ba ta samun isasshen iskar oksijin takan jure haske har kusan ninki uku.

A ganina abin da ya fi gaggawa shi ne cibiyoyinmu su haɗa kundin hotuna nasu: hotunan majiyyatanmu, an cire sunaye, manyan likitoci sun zana iyaka sun rubuta dalilin kowane layi, an kuma bi sawun yadda jinyar ta ƙare. Wannan ba ya bukatar kuɗin waje mai yawa. Yana bukatar kwamfuta, da wutar da ba ta ɗaukewa, da lokacin manya, wanda shi ne mafi tsada, tun da likita ɗaya yakan duba mutane masu yawa a yini, ya fito a gajiye. Intanet ta kawo sauƙi. Akwai kundin zane na kyauta mai suna eContour, akwai manhajar horo da Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya ta fitar a 2009, akwai kuma shirinta na tallafa wa ƙasashe marasa injuna da ta ƙaddamar a 2022. Ɗalibi a Sakkwato yana iya nuna zanensa ga malami a Ibadan ba tare da ya hau mota ba. Sai dai kallo a allo ba ya maye gurbin sa hannu. Idan injin cibiya ya tsaya wata shida, horon ɗalibanta ma ya tsaya, in ba an tura su wata cibiya da guzuri ba.

Mu malaman nazarin halittu da na fiziks ma da sauran aiki a kanmu. Darussan yadda ƙwaya ke gyara zarenta da yadda haske ke ratsa nama a tsangayoyinmu suke, ga kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Zariya da ke da tukunyar nukiliya ta bincike tun 2004. Amma sau nawa malamin kimiyya ke taka ƙafa zuwa asibitin koyarwa don ya ɗauki aji ɗaya? Laifin namu ne duka.

Kwanaki nawa manomi zai iya bayarwa?

Akwai wani babi da ya kamata a ba shi fifiko a nan fiye da can, shi ne gajarta jinya. Binciken da aka yi a Ingila, wanda sakamakonsa ya fito a 2008, ya nuna cewa ga dajin nono, gire 40 cikin zama 15 yana aikin gire 50 cikin zama 25. A 2020 wani binciken na can ya nuna gire 26 cikin zama 5 ya wadatar ga masu ƙari a matakin farko. Ga wanda daji ya shiga ƙashinsa yana hana shi barci, gire 8 a zama ɗaya tak yakan kwantar da zogin kamar jinyar mako biyu. Ga mazaunin Landan wannan sauƙi ne. Ga mijin da zai bar gonarsa a watan Yuli ya kwana a barandar asibiti, ya sayar da tunkiya don kuɗin abinci, shi ne bambanci tsakanin kammala magani da tsere wa rabinsa. Inji ɗaya ma zai ɗauki mutane da yawa. Amma ƙara awon kowane zama yana ƙara haɗari idan saiti ya kauce, kuma ba kowane daji ne ake gajartawa ba. Na bakin mahaifa har yanzu sai an yi makonninsa. Ɗalibi yana bukatar ya san inda aka tabbatar da abin da inda ba a tabbatar ba, ya kuma tara bayanan majiyyatansa domin a ga ko sakamakon Ingila ya tsaya a kan manyan ƙari irin namu.

Sauran abu shi ne harshe. Da Turanci ake karatu, da Turanci ake jarrabawa, amma da Hausa uwar gidan Tsanyawa za ta ji ko ta ƙi ji. Likitan da ya fito daga Kudu, ko ma Bahaushen da bai taɓa tunanin fanninsa da Hausa ba, yana bukatar ɗan littafi na jimloli da aka gwada a kan mutane. Ya iya cewa, "Baba, ba wuta ba ce, ba za ki ji zafi ba lokacin da injin ke aiki." Ya iya gaya mata cewa gashi daga waje ba ya bin ta gida, za ta iya goya jikanta ta ci abinci a kwano ɗaya da kowa. Ya faɗa mata tun da wuri cewa fata za ta iya yin duhu, ciki zai iya ɗan tsurewa a mako na uku, don kada ta zaci maganin ne ya ƙi ta, ta koma gida. Ya kuma bayyana mata cewa ɗigon tawadar da aka yi mata a mara shi ne alamar da ake saita injin da ita kowace safiya, saboda haka ta yi wankanta, amma kada ta dirje shi da soso.